Darasi na 12: Asarar da Yaƙi Yake Jawowa

Ya kai ɗalibi, a wannan darasi za ka karanta tarihin Yaƙin Basasar Nijeriya. Yayin da kake karatu, ka riƙe tambaya ɗaya a ranka: a kan wa asarar yaƙi take faɗawa?

A shekarar 1966 an yi juyin mulki sau biyu a Nijeriya. An kuma kashe dubban mutanen Jihar Gabas da ke zaune a Arewa, waɗanda suka tsira suka gudu gida. Ranar 30 ga Mayu, 1967, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu ya yi shelar kafa ƙasar Biyafara. Yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, bai ƙare ba sai ranar 15 ga Janairu, 1970. Wato an shafe wata 30 ana gwabzawa.

Asara ta farko ita ce ta rayuka. Ƙiyasin masana tarihi ya bambanta, amma da yawa daga cikinsu sun ce mutum fiye da miliyan 1 suka mutu. Ka lura da wannan: yawancinsu ba sojoji ba ne, kuma ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa ce. Kafin yaƙin, mutanen Gabas suna samun shanu daga Arewa da busasshen kifi daga ƙasar Norway. Da aka toshe hanyoyi, musamman bayan sojojin tarayya sun kama Fatakwal a watan Mayu, 1968, sai nama da kifi da gishiri suka yi wuya. Tamowa ta kama ƙananan yara, cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja. Da dare kawai jiragen agaji suke iya sauka a filin Uli da abinci da magani.

Asara ta biyu ita ce ta dukiya. An karya wani ɓangare na gadar Kogin Neja da ke tsakanin Asaba da Anaca, wadda aka buɗe a 1965. Babbar kasuwar Anaca ta ƙone. Haƙar man fetur ta ragu ƙwarai. Sojojin Nijeriya, waɗanda ba su wuce kimanin 10,000 ba kafin yaƙin, sun kai kusan 250,000 a ƙarshensa. Kuɗin da ya kamata a gina makarantu da asibitoci da shi, sai ya tafi ga sayen makamai da ciyar da dakaru.

Asara ta uku ba ta tsaya ranar da aka ajiye bindiga ba. Bayan yaƙin, duk wanda ya kai kuɗin Biyafara banki, fam 20 aka ba shi, komai yawan abin da ya kai. Yara da yawa a Gabas sun yi kusan shekara 3 ba su shiga aji ba. Marayu da gwauraye sun yawaita a ɓangarorin biyu.

Shugaban ƙasa na lokacin, Janar Yakubu Gowon, ya yi kira da a sasanta, a sake gina ƙasa. A 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, domin matasa su zauna a jihohin da ba nasu ba, su san juna. Kai ma da kake koyon Hausa, kana cikin wannan aiki, domin wanda kake jin harshensa ya daina zama baƙo a gare ka.

Ma'anar Kalmomi

basasa: yaƙi tsakanin 'yan ƙasa ɗaya
ƙiyasi: lissafin da aka yi bisa kintace
tamowa: ciwon da rashin abinci mai gina jiki yake kawowa
agaji: taimako a lokacin wahala
dakaru: sojoji

Tambayoyi

1. Wata nawa aka yi ana yaƙin?
2. Me ya sa tamowa ta kama yara?
3. Kawo asarar dukiya iri 2 daga cikin darasin.
4. Cike gurbi da "an" ko "aka": ___ karya gada. A 1965 ___ buɗe ta.
5. Hausawa suna cewa, "Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki." Rubuta jimla 5 a kan wannan karin magana, sannan ka kawo mai kama da shi daga harshenku.