Ganyen Shayi: Daga Ina Launi Da Ƙamshi Suke Zuwa?

Duk ɗalibin da ya taɓa zama teburin mai shayi a tashar Talata Mafara ya san shayi iri biyu: jan nan da ake zuba wa madara, da kuma mai ɗaci wanda Buzaye ke dafawa a 'yar buta bisa gawayi. Mutane da dama suna zaton tsirrai biyu ne. Ba haka ba ne. Dukansu ganyen itace ɗaya ne, wanda masana ke kira Camellia sinensis.

Itacen yana da manyan iri biyu. Na ƙasar Sin ƙananan ganye gare shi, yana kuma jure sanyi. Na yankin Assam a Indiya faffaɗan ganye gare shi, ruwansa ya fi kauri, shi aka fi nomawa a Kenya. A Nijeriya ana noman shayi a tsaunin Mambila, Jihar Taraba. Madatsar Bakolori ta Maradun tana shayar da shinkafar Bakura da Mafara, amma ban ruwa kaɗai ba zai raya shayi a nan ba, domin yana son ƙasa mai tsami da iska mai laima.

To, ina baƙin ya samo asali? Wanda ya gutsuri farin goro ya ajiye ragowar, zai ga gurbin haƙoransa ya rine. Haka yake ga shayi. Idan aka murza ganyen aka baza shi, wani sinadari da ke cikinsa yakan haɗa ruwan ganyen da iskar oksijin, sai ya yi baƙi. Koren shayin Buzaye kuwa, tun da ɗanyensa ake turara shi ko a gasa, zafi ya kashe ƙarfin sinadarin.

Ƙamshi kuma sau da yawa aro ne. Busasshen ganye yana zuƙar warin abin da ke kusa da shi. Shayin Earl Grey na Ingila man ɓawon wani lemo mai suna bagamot ake sa masa. Mu kuwa citta da kanumfari da na'a-na'a muke jefawa, kuma a ganina namu bai gaza ba. Saboda wannan hali, kada a ajiye ganye kusa da kananzir ko sabulu.

Malamai su gwada wannan a aji: a zuba baƙin shayi a kofi biyu, a matsa lemun tsami a ɗaya, a ɗiga ruwan kanwa a ɗayan. Na farko zai washe, na biyu zai ƙara duhu. Waɗannan sinadarai masu sauya launi suna kuma rage yawan sinadarin ƙarfe da hanji ke tsotsa daga abinci irin su wake da zogale. Don haka 'yan mata da masu juna biyu, waɗanda ƙarancin jini ya fi kamawa, su jinkirta shan shayi kamar awa 1 bayan cin abinci.