Darasin Tarihi: Mutanen Da Suka Bi Sarakunansu Gudun Hijira

Idan yaƙi ya kawo sabon mulki, ba kowa ne ke karɓarsa ba. Wasu mutane sukan tsaya tare da tsohon sarkinsu, ko da za su rasa gida da gona. Haka ta faru a nan ƙasar Hausa, kusa da Kazaure, shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce.

A shekarar 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi. Jama'a da yawa suka bi shi, Fulani da Hausawa, domin addini da kuma gajiya da zaluncin wasu sarakuna. Amma akwai waɗanda suka ce su dai suna tare da sarakunansu na gado. A cikinsu akwai 'ya'yan sarki, da fadawa, da bayin sarki, da talakawa. Waɗannan sarakuna su ne ake kira sarakunan Haɓe. Kalmar ta fito ne daga Fulatanci.

Daura, maƙwabciyar Kazaure, ta faɗi a hannun Malam Ishaku wajen 1805. Sarkin Daura, wanda ake kira Sarkin Gwari Abdu, ya fita da mutanensa. Suka yi ta yawo daga wannan gari zuwa wancan a arewacin Daura. Bayan rasuwarsa zuriyar ta rabu. Wasu suka zauna a Zango, wasu a Ɓaure, wadda ba ta da nisa da Ɓaɓura. Kowane ɓangare yana cewa shi ne Sarkin Daura na gaskiya.

Mai karatu ya auna nauyin abin. Manomi ne da gonar gado, da rumbu, da kaburburan kakanninsa. Idan ya zauna, zai bi sabon shugaba, wataƙila a riƙa yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Idan ya tashi, zai je ya sare daji ya fara sabuwar gona, ba shi da tabbacin dawowa. Gida ɗaya sai ka ga wa ya tafi, ƙane ya zauna. Ranar yaƙi kuma su haɗu a fage, kowa a ɓangarensa.

A Katsina abin ya fi muni. An ci rundunar Haɓe a Ɗankama wajen 1807, Sarki Magajin Halidu ya mutu a can. Sauran jama'a suka naɗa Ɗan Kasawa. Ya fake a Damagaram na wasu shekaru, daga baya ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Har yau sarautar Maraɗi sunanta Sarkin Katsina. Mutanen Gobir suka kafa Tsibiri a 1836. Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu zuwa Zuba, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Wannan gari shi ne Suleja a yau.

Kazaure fa? Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar, yana ɓangaren masu jihadi. Daga baya ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, aka yi ta gwabzawa tun daga 1819. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sasanta su wajen 1824, Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta. Sai ga ta a bakin iyaka, tsakanin ƙasar masu jihadi da ƙasar waɗanda suka yi hijira.

Zaman bakin iyaka ba daɗi. Mutanen Maraɗi ba su haƙura ba. Sun yi ta kawo hari don su karɓo ƙasarsu, musamman a zamanin Sarki Ɗan Baskore. Su ma masu jihadi suna kai nasu harin. Wanda ya fi shan wuya shi ne talaka, ko na wane ɓangare ne. A ƙone masa hatsi, a kore masa shanu, a kama masa 'ya'ya. Shi ya sa garuruwa da yawa a wannan yanki suka gina ganuwa.

Irin wannan ta faru a Amurka, lokacin da ta yi yaƙin neman 'yanci daga Ingila tsakanin 1775 da 1783. Wasu mazauna ƙasar sun tsaya tare da Sarkin Ingila. Da aka ci su, kimanin mutum 60,000 suka bar ƙasar, da yawa suka tafi Kanada. A cikinsu akwai baƙaƙen fata da suka gudu daga bauta. Kusan 1,200 daga cikinsu sun zo Saliyo a 1792, suka kafa birnin Firitawun. Yawancin waɗanda suka fita ba su koma ba.

A ƙasar Hausa ma mafi yawa ba su koma ba. Da Turawa suka shata iyaka, Maraɗi da Tsibiri suka faɗa ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau. Daura ce ta fita daban. A 1906 Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga gidan Zango, suka tabbatar da shi Sarkin Daura. Shekara ɗari ke nan bayan fitar kakanninsa. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi sarauta har 1966.

Tambayoyi
1. Ina zuriyar Sarkin Gwari Abdu ta zauna bayan barin Daura?
2. Me ya sa garuruwan bakin iyaka suka gina ganuwa?
3. A wace shekara gidan Haɓe ya koma sarautar Daura?