Darasi: Na'urar Gwada Zinariya da Amanar Lissafin Zakka

Nisabin zinariya miskali 20 ne, wanda malamai da dama a wannan zamani suka ƙaddara shi da giram 85 na tsantsar zinariya. Idan ta kai haka, kuma shekara ta zagayo a kanta, sai a fitar da rubu'in ushuri, wato kashi 2.5 cikin ɗari. Amma yawancin sarƙoƙi da awarwaro da zobba da ke hannun jama'a gauraye suke da azurfa ko jan ƙarfe domin su yi ƙwari. Tsantsa ita ce karat 24. Karat 22 tana ɗauke da kashi 91.6, karat 21 kashi 87.5, karat 18 kuwa kashi 75.

Ga misali. Mata biyu kowacce ta ajiye gwal mai nauyin giram 100 a matsayin dukiyar ajiya, wanda ba kwalliya take yi da shi ba, domin a mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa babu zakka a kansu. Na ta farko karat 21 ne, tsantsarsa giram 87.5, ya kai nisabi, za ta fitar da kimanin giram 2.19 ko ƙimarsa. Na ta biyu karat 18 ne, tsantsarsa giram 75, bai kai ba, sai fa idan tana da kuɗin da za a haɗa da shi. Nauyi ɗaya, hukunci biyu. Kuskuren karat kan tauye haƙƙin talaka, ko ya ɗora wa mai dukiya abin da shari'a ba ta ɗora masa ba.

Maƙera kan buga lamba a jikin kaya, kamar 916 ko 875 ko 750, amma lamba kan goge, kuma ana buga ta ƙarya. A nan ne ƙaramar na'urar gwaji mai aiki da batir take da amfani ga kwamiti. Tana da faranti da ake ɗora kayan a kai, da wani alƙalami mai ruwan sinadari a bakinsa. Idan bakin ya taɓa ƙarfen, na'urar na auna yadda ƙarfen ya amsa wa ɗan lantarkin da ya ratsa, sai ta nuna karat.

Kafin a fara aiki, a daidaita ta da guntun zinariyar da aka tabbatar da karat ɗinta, bisa umarnin takardar da ta zo da ita. A goge kayan daga maiƙo da gumi da turare, a cire su daga jiki, sannan a taɓa wurare uku ko fiye, a guji mahaɗar da maƙeri ya liƙe. A sani cewa fatar ƙarfe kaɗai take karantawa, don haka tagullar da aka yi wa ruwan gwal tana iya ruɗar ta. Maganin wannan shi ne a ɗan karce wani ɓoyayyen wuri da magagari a gwada cikin, kuma ba a yin haka sai da iznin mai kaya. Farar zinariya ma kan ba da sakamako mai rikitarwa. Duk lokacin da lamba da na'ura suka saɓa, ko sakamako ya faɗo dab da nisabi, a kai wa amintaccen maƙeri ko wurin da ke da babbar na'urar gwaji.

Kula da ita ba shi da wuya, sai dai yana son himma. A share bakin alƙalamin da tsumma mai tsabta bayan kowane gwaji, a rufe shi da murfinsa nan take, domin iskar hunturu da zafin bazara suna busar da sinadarin. Kada a bar ta a rana ko cikin mota. A tsare faranti daga ƙura, a cire batir idan za a daɗe ba a yi aiki ba, a sauya alƙalamin idan sakamako ya fara kai-kawo. Guntun daidaitawa a adana shi daban, kada ya gauraya da kayan mutane.

Muna shawartar kowane kwamitin masallaci ya damƙa na'urar a hannun mutum ɗaya da aka horar, a yi gwaji a gaban mai kaya da shaida, a rubuta nauyi da karat da kwanan wata a littafi. Haka za a yi wa gwal ɗin da aka kawo a matsayin zakka ko waƙafi kafin a sayar. Allah Ya karɓa daga masu bayarwa, Ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta.