Ziyarar Daura a Lokacin Bazara: Darasi ga Ɗalibin Hausa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Mu da muke nazarin Hausa a kudancin Nijeriya muna samun nahawu da adabi a aji, amma Hausar da ake rayuwa da ita sai mun taka ƙasar Hausa muke jin ta. Da yawanmu idan aka yi maganar tafiya, Kano ce ke fara zuwa mana a rai. Sai dai a babban birni, da zarar an ji harshenka ya karye, sai a juya maka Turanci don a sauƙaƙa maka. A ƙaramin gari kuwa mutane suna da lokacin sauraronka, su gyara maka, su ƙara maka. Saboda haka wannan maƙala za ta duba abubuwan da ya kamata ɗalibi ya yi idan ya ziyarci Daura ta Jihar Katsina a lokacin bazara, tare da kalmomin da zai tsinta a kowane mataki.

Mece ce bazara?

Bahaushe ya raba shekara zuwa damina, kaka, hunturu, rani da bazara. Bazara ita ce ƙarshen rani, wato daga wajen watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka. Masu fassara sukan ara wannan kalma su ba wa lokacin da ke biyo bayan sanyi a ƙasashen Turai, sa'ad da ƙanƙara ke narkewa, furanni na tohowa. Watannin dai kusan ɗaya ne, amma yanayin ya sha bamban. A ƙasar Daura bazara ce lokaci mafi zafi a shekara, kuma a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 da rana. Tafkuna sukan ƙafe, rijiyoyi su ja baya, hadari ya taso ya watse ba tare da ya zubar da ruwa ba. A kudu kuwa a waɗannan watanni ruwa ya riga ya fara sauka, shi ya sa ɗalibin da ya taso daga can yake buƙatar shiri.

A kula da kalmomi uku masu kama da juna. Bazara lokaci ce. Baza ado ce da mai rawa ke ɗaurawa a ƙugu, daga nan aka samu maganar nan "da bazarku nake rawa", wato da ku na dogara. Bazawara kuma mace ce da aurenta ya mutu ko mijinta ya rasu. Wanda ya musanya ta farko da ta ƙarshe a gaban jama'a zai ba mutane dariya.

Shirin tafiya

Daga Kano ana bin hanyar Kazaure zuwa Daura, ana kuma iya zuwa daga Katsina. A yi tafiya da rana, a kuma tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki kafin a tashi, domin wasu sassan Jihar Katsina sun sha fama da 'yan bindiga. A karɓi takarda daga sashe mai nuna cewa kai ɗalibi ne, za ta yi amfani a fada. A ɗauki tufafi marasa nauyi masu rufe jiki, da hula ko mayafi. Cutar sanƙarau takan yaɗu a wannan lokaci, don haka a nemi rigakafi, a guji kwana a ɗaki mai cunkoso marar iska.

A duba kalandar Musulunci ma. A 2023 da 2024 azumi ya faɗo cikin bazara, amma yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Sallar Gani kuwa, wadda Daura ta yi suna da ita, a watan Rabi'ul Awwal ake yin ta, kuma a 2024 da 2025 watan ya kama ne wajen Satumba.

A bazara rana ce ke tsara wa mutum aikinsa. Don haka na raba abubuwan yi bisa ga sunayen da Bahaushe ya ba sassan yini.

Daga asuba zuwa hantsi: bayan gari

Da sanyin safiya ake kama fara. Wannan ne lokacin fita bayan gari a ga manoma suna shirin damina. Za ka ga ana sharar gona, ana tara kara da ƙaya ana ƙonawa, ana kai taki a kan jaki ko amalanke. Wasu sukan yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa su jira ruwan farko ya tsirar da shi. Ka lura da itacen gawo, wanda yake da ganye a lokacin rani amma yake kakkaɓewa da damina. Manoma suna son sa a gona saboda ba ya hana shuka samun rana, ga shi awaki suna cin 'ya'yansa. Gaisuwar wurin ita ce "Sannu da aiki", sai a amsa "Yauwa, sannu kadai". Daga nan ka nemi a faɗa maka sunan kowane kayan aiki da ka gani: fartanya, garma, sungumi, manjagara.

Da walaha: Kusugu da fada

Kafin rana ta take, sai a nufi rijiyar Kusugu, wadda yanzu take cikin gini, kuma baƙo yana iya jan ruwanta da guga. Labarin da ake bayarwa shi ne, Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas inda ta haifi Biram, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa sai ta ce masa babu, domin wata macijiya da ake kira Sarki ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya je ya kashe ta, Sarauniya Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida tare da Biram su ne aka ce sun kafa Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

Masana tarihi irin su Abdullahi Smith sun nuna shakku a kan ɗaukar wannan labari a matsayin asalin Hausawa, domin ko a cikin labarin kansa Bayajida ya tarar da gari da sarauniya da maƙera. Amma akwai abin da bazara ke koya wa mai ziyara wanda aji ba ya koyarwa. Lokacin da na tsaya a bakin rijiyar cikin watan Afrilu, maƙogwarona a bushe, a nan na gane nauyin cewa gari guda ba ya samun ruwa sai sau ɗaya a mako. A ƙasar da ake shafe fiye da rabin shekara ba ruwan sama, wanda ya buɗe wa jama'a rijiya ya cancanci sarauta. Wannan ita ce zuciyar labarin, kuma mai ƙishirwa ya fi kowa fahimtar ta.

Daga Kusugu sai fadar Sarki. Alhaji Umar Faruk Umar ya hau gadon sarautar Daura a 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar. Ba a kutsa kai fada, sai a nemi iso ta hannun dogarai ko fadawa. Idan an ba da izini a cire takalmi, a durƙusa, a ce "Ranka ya daɗe" ko "Allah ya ja zamanin Sarki". Sau da yawa fadawa ne za su amsa da "Sarki ya gaishe ka". Kada a ɗauki hoto sai an tambaya. A Daura ne kuma aka binne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari a watan Yuli na 2025, a cikin gidansa.

Tsakar rana zuwa azahar: inuwa

Baƙo yakan ɗauka cewa zaman tsakar rana ɓata lokaci ne. A gaskiya shi ne babban ajin ɗalibin harshe. Gari yakan yi tsit, dattawa su shimfiɗa tabarma a zaure ko a gindin darbejiya. Ka yi sallama, ka zauna inda aka nuna maka. Za a fara kawo maka ruwan randa kafin a tambaye ka abin da ke tafe da kai, kuma kyautatawa ce ka karɓa da hannun dama ka kurɓa ko kaɗan ne. Gaisuwar lokacin ita ce "Ina zafi?" ko "Yaya gumi?", amsar kuma "Lokacinsa ne" ko "Da sauƙi". Ka lura ba a amsawa da ƙorafi. Abin sha a wannan lokaci shi ne fura da nono, kunun zaƙi, zoɓo da kunun aya, ga mangwaro da ke nuna a bazara. Ɗalibai mata su nemi shiga cikin gida wurin matan aure, inda za su ji Hausar girki da ta reno, wadda maza ba sa samu a zaure.

La'asar zuwa almuru: kasuwa

Idan rana ta yi sanyi sai a shiga kasuwa a gwada ciniki. "Nawa ne?", "Rage mini", "Albarka", "Na sallama". Kalmar "albarka" a bakin mai sayarwa tana nufin tayinka bai kai ba, ka ƙara. Wanda ziyararsa ta haɗa da Lahadi yana iya zuwa Mai'aduwa, kusa da iyakar Nijar, ya ga kasuwar dabbobi, ya ji yadda dillali ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa. Kada a tsallaka iyaka ba tare da takardu ba.

Bayan lisha: hira

Saboda zafin ɗaki, mutane sukan daɗe a waje da dare. Teburin mai shayi da tukubar mai tsire wuraren hira ne. A nan za ka buɗe kunne ga karin harshe. Ko da yake Daura tana Jihar Katsina, masana suna sanya Dauranci a rukunin karin harshen gabas tare da Kananci, Katsinanci kuwa a rukunin yamma. Ka rubuta duk kalmar da ta saɓa wa Daidaitacciyar Hausa, da wanda ya faɗe ta, tsoho ne ko yaro, ɗan gari ne ko baƙo.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, bazara ba lokacin jin daɗin jiki ba ce, amma duk wanda ya bi tsarin mutanen gari, ya fita da sassafe, ya fake da rana, ya yi hira da dare, zai dawo da guzurin da ya fi na littafi. Gani ya kori ji. A nan zan dasa aya. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.

Aikin yi

1. Kawo lokutan shekara biyar na Bahaushe, ka kwatanta su da na harshenka na uwa.
2. Yi jimla ɗaya-ɗaya da bazara, baza da bazawara.
3. Jera sassan yini daga asuba zuwa lisha, tare da gaisuwar da ta dace da kowanne.