Yadda Ake Ƙawata Gaban Manyan Shaguna da Bishiyoyi da Furanni

Kafin ka sari ƙasa, ɗaga kai ka duba wayoyin lantarki, sannan ka binciki inda bututun ruwa da lambatu suka bi. A titi irin na Gidan Zu a Kano, inda rukunin shagunan Ado Bayero yake, bakin hanya ba mallakinka ba ne ko da shagon naka ne. Je ka nemi izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA tukuna, kada ka yi aikin baban giwa.

Sai zaɓen bishiya, kuma nan ne akasari ake tafka kuskure. Darbejiya akwai inuwa da jure fari, amma saiwarta kan ɗaga daɓe, ta tsaga kwata. Mangwaro kuwa gayyatar jifa ne, ga gilashin shago, ga motocin masu sayayya. Ɗan kasuwa inuwa yake so, ba abin da zai rufe masa allon suna ba. Don haka inda wuri ya matse, nemi doguwar siririyar nan da masu lambu ke kira maskured, mai tashi sak ba ta baza rassa. Inda akwai fili, sa bishiyar satalayit mai rassa hawa-hawa, kana sare na ƙasa har mutum ya wuce ba tare da ya sunkuya ba. Ni dai ban ga amfanin jera dogayen bishiyoyin kwakwar ado a Kano ba: ruwa suke sha, inuwarsu ba ta isar ko mai gadi.

Haƙa rami mai faɗin mita 1, zurfinsa kusan haka, ka bar tazarar mita 6 zuwa 8 tsakanin masu baza rassa. Kwashe ɓaraguzan siminti kaf. Cika ramin da baƙar ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen takin shanu; ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Yage ledar dashen, kada ka binne wuyansa, ka kafa masa sanda, ka kewaye shi da raga saboda awaki da masu ajiye babura.

Yi dashen a Yuli, lokacin da damina ta kankama, saiwa ta kama kafin hunturu.

Furanni kuma launi biyu sun isa. Boganbiliya na son rana, kuma ta fi yin fure idan ba a cika mata ruwa ba, sai dai tana da ƙaya, a nisanta ta da hanyar ƙafa. Iksora ta dace da jeren gefen daɓe. Oliyanda guba ce, kada ta kusanci inda yara ke wasa.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin zafi, ake gane wanda ya shirya. Masu shagunan layi su haɗa kuɗi su ɗauki mai ban ruwa guda, ya riƙa shayarwa da sassafe ko bayan la'asar, yana wanke ƙurar ganye. In ba ku tanadi wannan ba, to ku dakata da sayen dashen.