Zaɓar wa Yaro Jitar Farko da Malamin da Zai Koya Masa

Jita abin kiɗa ce mai tsirkiya shida, kuma iri uku aka fi samu a kasuwa. Akwai kilasikal, mai tsirkiyar nailon da faffaɗan wuya. Siffarta ta yanzu aikin wani masassaƙi ne ɗan ƙasar Sifaniya, Antonio de Torres, a ƙarni na 19, tsirkiyar nailon kuwa sai a shekarun 1940 ta maye gurbin ta hanjin dabba. Akwai mai tsirkiyar ƙarfe, wadda ta fi amo da kaifin murya. Sai ta lantarki, wadda muryarta ba ta fita sosai sai an jona ta da amfilifaya, irin wadda Bombino na Agadas da Mdou Moctar suka yi suna da ita.

Ga yaro ɗan ƙasa da shekara goma, kilasikal ce ta fi dacewa. Dalilin yana kan yatsu. Tsirkiyar ƙarfe siririya ce, an kuma ɗaure ta tam, ƙarfin janta ya kusa ninka na nailon, don haka takan ci fatar yatsa kafin yatsan ya yi kanta. Babba yakan daure na 'yan makonni. Yaro kuwa sai ya jingine jitar a lungu, a ce ya cika ƙiwa, alhali zafi ne ya kore shi. Ta lantarki tana da sauƙin dannawa, kuma ba laifi ba ne a fara da ita idan kiɗanta ne ya ja hankalin yaron, sai dai tana da nauyi, tana buƙatar amfilifaya da waya da tsayayyiyar wuta. Kuskure ɗaya da ya zama ruwan dare shi ne ɗaura wa kilasikal tsirkiyar ƙarfe don ta ƙara amo. Ba a gina ta don wannan jan ba: wuyan zai lanƙwashe, ko kuma jakin da tsirkiyoyin ke ɗaure a kansa ya ɓalle daga fuskar jitar.

Bayan iri sai girma. Galibi ana ƙera jita a girma huɗu: kwata, rabi, uku bisa huɗu da cikakkiya. A cikakkiyar kilasikal, tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa milimita 650 ne. A uku bisa huɗu wajen 580, a rabi wajen 530. Bisa ƙiyasi, ɗan shekara 4 zuwa 6 kwata, 6 zuwa 8 rabi, 8 zuwa 11 uku bisa huɗu, daga 12 sai cikakkiya. Amma jikin yaro ya fi shekarunsa faɗin gaskiya. A zaunar da shi, a ɗora masa jitar a cinya. Idan hannun hagunsa ya kai ƙarshen wuyan gwiwar hannun tana lanƙwashe, hannun dama kuma ya sauka kan tsirkiya ba tare da kafaɗa ta ɗaga ba, to ta yi masa. Iyaye sukan saya wa yaro babba wai ya girma da ita, kamar yadda ake yi wa ɗinkin Sallah. A nan dabarar ba ta ci. Yaron da ke miƙe hannu fiye da kima yakan saba da murɗe wuyan hannu da karkace baya, gyaran wannan kuwa ya fi koyarwar farko wuya. Ɗan shekara huɗu ko biyar da hannunsa bai kai ba yana iya fara wasa da yukulele, mai tsirkiya huɗu.

Abin da ya fi komai muhimmanci, wanda kuma mai saye bai cika dubawa ba, shi ne tazarar tsirkiya da wuya. A kan wuyan jita akwai 'yan ƙarafa a gicciye, su ne matakan murya. A auna da rula a kan ƙarfe na goma sha biyu: a kilasikal tazarar ta kasance milimita 3 zuwa 4, a mai tsirkiyar ƙarfe 2 zuwa 2 da rabi. Idan ta wuce haka, kowace dannawa kokawa ce. Idan ta yi ƙasa ainun, tsirkiya za ta riƙa gogar ƙarafan tana ɓata sauti. Daga nan a ɗaga jitar a hango wuyan daga kai zuwa ciki, a ga ko ya miƙe. A shafa gefen wuyan da tafin hannu, kada bakin ƙarafan ya yi kaifin yanka. A gwada zura takarda ƙarƙashin jaki. In ta shiga, gam ya fara saki. A murɗa kunnuwan saiti shida ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar ba sa zamewa. Gwaji na ƙarshe na kunne ne: muryar da tsirkiya ta bayar a sake, ita za ta bayar a sama idan aka danna ta a ƙarfe na goma sha biyu. In suka saɓa, komai saiti jitar ba za ta yi daɗi ba, kuma kunnen yaro zai taso a kan murya karkatacciya.

Jitar wasan yara mai fenti da ake sayarwa tare da 'yar tsana ba ta riƙe saiti, ba abin koyo ba ce. Ta hannu kuwa, wato gwanjo, ba ta da aibi muddin ta ci waɗannan gwaje-gwaje. Cikin sababbi masu sauƙin kuɗi, Yamaha C40 da ƙannenta CGS102A mai girman rabi da CGS103A mai uku bisa huɗu sun daɗe a hannun ɗalibai.

Yanayin ƙasar Hausa ma yana da ta cewa. Katakon jita ya fi son laimar iska ta kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturu kuwa yakan busar da iska ƙasa da haka nesa. Jitar da fuskarta falle ɗaya ce ta katako ta fi murya, amma ita ce ke saurin tsagewa. Ta filawud, mai katako hawa-hawa, ta fi jure bushewa da faɗuwa, ta kuma fi araha. A ajiye ta cikin jakarta, kada a bar ta a mota ko a rana, domin zafi yana narkar da gam.

Duk wannan dubawa za ta zo da sauƙi idan aka nemi malami kafin a nemi jita, aka je kasuwa tare da shi. Shi ne kuma zai taimaka a yanke shawara kan yaro bahago, ko a nema masa ta hagu, kamar yadda Mdou Moctar ke kaɗawa, ko ya koya da ta kowa.

Iya kiɗa daban, iya koyarwa daban. Makaɗin da ya gwanance a dandali yana iya kasa rarraba wa ɗan shekara bakwai abu ƙanana-ƙanana. Hanyar ganewa ita ce darasin gwaji, uba ko uwa na zaune. A lura wa ya fi riƙe jitar, malam ko ɗalibi. A lura ko ya gyara wa yaro zama da riƙo, ko ya duba farcen hannun hagu, ko yana haƙuri da kuskure. Malamin kirki yakan koya wa yaro saita jitarsa tun da wuri, ya haɗa masa koyo da kunne da karanta rubutun kiɗa, ya kuma sa masa waƙar da ya sani a gida, domin ita ce ke riƙe shi. A tambaye shi inda yake son yaron ya kai bayan wata uku. Wanda ba shi da amsa, ba shi da tsari. Mai neman takardar shaida ya tambaya ko malamin yana shirya ɗalibai jarrabawar ABRSM ko Trinity ta Landan, ko ta MUSON da ke Legas.

Darasin minti talatin a mako ya isa ƙaramin yaro, tare da bita ta minti goma zuwa sha biyar kullum, a lokacin da bai ci karo da boko da Islamiyya ba. Bidiyon YouTube yana taimakawa wajen bita, amma ba ya ganin yatsun yaro balle ya gyara su. A riƙa biyan kuɗi wata-wata. Darasi kuma a yi shi a falo ko tsakar gida, ƙofa a buɗe, inda babba ke gani. Malamin da ya ƙi wannan sharaɗi, a nemi wani.