Tasirin Yanayi da Nau'in Ƙasa a Kan Lokacin Haƙa Harsashin Gini

1.0 Gabatarwa

Gini yana ɗaya daga cikin tsofaffin sana'o'in Hausawa, har ma yana da sarautarsa, wato Sarkin Magina. A wannan darasi za a yi nazarin matakin farko na kowane gini, wato haƙa harsashi, domin a ga yadda yanayi da nau'in ƙasa suke ƙayyade lokacin yin sa. Za a kafa misali da Unguwar Sanusi da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu. Ana sa ran ɗalibi zai fahimci hikimar magabata, kuma ya tanadi kalmomin da zai koyar da su.

2.0 Lokutan Shekara

Bahaushe ya kasa shekara gida huɗu: bazara da damina da kaka da rani. A garin Kaduna ruwa yakan sauka tun daga Afrilu ko Mayu, ya ɗauke a Oktoba, kuma yawansa yakan haura milimita 1,000 a shekara. Ya fi tsananta a Agusta da Satumba, lokacin marka.

A wannan lokaci ƙasa takan sha ruwa ta ƙoshi, ruwan da ke ƙarƙashinta kuma ya taso sama. Ramin da aka haƙa da safe yana iya cika kafin la'asar, gefensa ya zaftare. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin ƙasar da za ta cika ramin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita 1 ne ta fi tan ɗaya nauyi. Idan ta rufto wa lebura, da wuya ya fita da ƙafarsa. Shi ya sa ake tokare gefen rami mai zurfi da katako. Ambaliyar Kogin Kaduna ta 2003 da ta 2012 sun nuna irin ɓarnar da ruwa yake yi wa gidajen da ke kwari.

Rani ma yana da nasa cikas. Ƙasa takan ƙeƙashe har diga ta riƙa tsalle, ga ƙarancin ruwan aiki. Iskar hunturu kuma tana saurin busar da kankare, alhali yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Saboda haka ƙarshen kaka zuwa farkon rani ya fi dacewa da haƙa, domin ruwa ya ɗauke amma ƙasa tana da sauran laima.

3.0 Ire-iren Ƙasa

(a) Jar ƙasa da marmara: su ne suka fi yawa a Kaduna da kewayenta. Suna ɗaukar nauyin gini sosai, sai dai marmara tana da wuyar haƙa. Wani wuri kuma akan ci karo da dutse, dole a nemo injin fasa shi, kwanakin aiki su ƙaru.

(b) Laka ko yumɓu: ana samun ta a fadama da bakin rafi. Tana kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani. Wannan motsi shi yake tsaga bango.

(c) Rairayi: yana da sauƙin haƙa, ba ya riƙe ruwa, amma gefen raminsa ba ya tsayawa. Ya fi yawa a can arewa, kamar yankin Katsina da Maraɗi.

(d) Ciko: wato tsohon kududdufi da aka cike da shara. Wannan ya fi kowanne haɗari, domin yakan lotsa bayan an gama gini.

4.0 Hikimar Magabata

Maginin gargajiya bai raba aikinsa da yanayi ba. Da damina yana gona. Sai an kai amfani rumbu yake haƙo ƙasa, ya kwaɓa da ciyawa, ya yi tubali, ya shanya shi a rana. Da bazara ta ƙarato sai a shiga yaɓe da gyaran indararo. Da irin wannan sani Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Kududdufan da ke cikin birnin Kano kuwa, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne.

5.0 Halin da Ake Ciki a Unguwar Sanusi

A unguwa mai cunkoso irin wannan, gida yana manne da gida, lunguna kuma matsattsu ne. Katafila ba ta shiga ko'ina, sai dai leburori da diga da shebur da kwanon sarki. Tun da haƙar hannu tana jan lokaci, rami yakan daɗe a buɗe. Idan da damina ne, ruwan da ya kwanta a ciki yana iya jiƙa harsashin maƙwabci har katangarsa ta faɗi, ko yaro ya afka. Don haka mai gini ya nemi izinin hukumar KASUPDA, ya sa injiniya ya gwada ƙasar, ya duba hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa duk shekara. Kada a buɗe ramin da ba a tanadi siminti da yashi da tsakuwar da za a zuba masa ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ba kuɗin mai gida kaɗai ke sa ranar haƙa ba, sama da ƙasa ma suna da ta cewa. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane. Kuskuren da aka binne a harsashi, bango ne zai tona shi.

Tambayoyi

1. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi: marka, marmara, tubali, indararo, ciko.
2. Me ya sa laka take tsaga bango?
3. Ziyarci wani magini a unguwarku, ka tattaro kalmomi 10 na sana'arsa, sannan ka tsara yadda za ka koyar da su a aji biyu na ƙaramar sakandare.